Bayan Hannun Auta

Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma gara in faɗa tun ba a je ko'ina ba: na fi shekara talatin ina jin haushinta. Ba ta taɓa zagina ba, ba ta taɓa cinye mini wani abu ba, ko ƙarata ba ta taɓa kaiwa wurin iyayenmu ba. Da ma ta yi ɗaya daga cikin waɗannan, da na sami abin kamawa na huta.

A gida Auta muke ce mata. A asibitin da mu biyu muke aikin jinya kuwa Hawainiya ake kiranta, kuma ni na raɗa mata sunan tun tana aji biyu na firamare, ya bi ta har wurin aiki. Yarinya ce da in aka aike ta kanti sai wanda ya aike ta ya manta abin da yake so. Tafiya a hankali, magana a hankali, cin abinci sai kowa ya wanke hannu ita tana loma ta uku. Marigayiya Mama takan ce ranar da aka raba sauri Auta tana barci, ni na karɓe nawa da nata.

Babanmu kafinta ne, shagonsa yana bakin titi kusa da mai faci. Ni ce mai kai a gidan, wannan ba yabon kai ba ne. Takardun sakamakona Baba yake liƙawa a bangon shago, a saman inda yake rataye zarto, duk wanda ya kawo gyaran kujera sai an nuna masa. Amma ranar da sartse ya shige masa hannu, ko ina tsaye a gabansa da allura na riga na ƙona bakinta, sai ya leƙa bayana ya ce a kira masa Auta. Za ta zo tana jan ƙafa, ta zauna a kan benci, ta ɗora tafinsa a cinyarta tana shafawa kamar mai neman abin da ya ɓace a cikin yashi. Sai ta gano inda yake ciwo kafin ta taɓa allurar. Aikin minti biyu ta kai shi rabin awa, shi kuwa Baba ya lumshe ido abinsa. Ina tsaye da allurata tana hucewa a hannu.

Na shiga makarantar koyon aikin jinya, bayan shekara huɗu ta biyo ni. Jarrabawar ƙarshe sai da ta yi sau biyu. A ta farkon an ce ta canza wa majinyaciya zanin gado cikin minti goma, ita kuwa ta tsaya tambayar matar ko akwai inda yake mata ciwo, lokaci ya ƙare zani na hannunta. A gaban mutane na ce abin bai yi mini daɗi ba. A cikin raina kuwa, Allah ya yafe mini, har wani sanyi na ji. Da na kai wa Baba labari bai ko ɗago daga katakon da yake gogewa ba, ya ce sannu ba ta hana zuwa.

Ta zo ɗin kuwa, kuma asibitinmu aka turo ta. Ni na yi digiri, na ƙara na biyu, aka ba ni shugabancin ɗakin maza da ofis mai fanka da makulli. Ita shekara goma sha tara tana ɗakin mata, shugabancin ɗakin ma an ba ta ne don wadda take kai ta yi ritaya aka rasa mai so. Mijinta malamin firamare ne, 'ya'yansu uku, motar haya take shiga, da wata baƙar jaka da mai gyaran takalmi ya ɗinke wa hannu sau uku. Ta ina za a haɗa ni da ita? Amma in na shiga kasuwa sai wata ta tare ni da fara'a, in gyara tsayuwa ina jiran a ce an gane ni, sai in ji an ce, ashe ke ce yayar Sista Hawainiya. Wata har ta riƙe mini hannu tana hawaye, wai ƙanwata ta yi jinyar uwarta wata biyu. In yi murmushi in ce madalla, in dawo gida in kasa cin abinci.

Ga abin da ya kawo maganar bincike. Majinyacin da ya daɗe a kwance, wanda ba ya iya juyawa da kansa, nauyin jikinsa yakan danne fata a kan ƙashi har jini ya daina zuwa wurin. Naman ya mutu daga ciki, ranar da fatar ta fashe a tarar da rami. Gyambon kwanciya muke ce masa, kuma ya fi kama diddige da kwankwaso da ƙasan baya. Mutum ya zo da karaya, karaya ta warke, gyambo ya riƙe shi wata uku, wani ma ya tafi da shi. Ƙa'ida ita ce a juya irin waɗannan duk bayan awa biyu. To gado talatin da huɗu, nas uku, ga allura, ga ƙarin ruwa, ga zagayen likita. Kowa ya san ƙa'idar a takarda ta fi zama.

Wata shekara aka kawo wa asibitinmu katifu masu iska guda ashirin, irin waɗanda inji ke hurawa yana sassautawa don kada nauyi ya tsaya wuri ɗaya. Wani Farfesa daga jami'a ya ce a yi bincike na wata shida a ga amfaninsu: goma a ɗakin maza, goma a ɗakin mata, kullum da safe nas ta duba fatar majinyaci ta cike fom. Ni aka naɗa in jagoranci nas-nas, aka ce sunana ne zai zo farko in an buga sakamakon a mujalla. Na yi murna da sunan, ba zan yi ƙarya ba. Amma abin da ya fi faranta mini rai daban ne. A karo na farko za a auna ɗakina da na Auta da alƙaluma, ba da bakin tsofaffin kasuwa ba, kuma a rubuce za a ga wace ce ta iya aikin.

Sati biyu na yi ina tsara fom ɗin daga manyan littattafan da na yi karatu da su. Layin farko, wanda komai ya rataya a kansa, yana tambaya ne ko fatar ta yi ja, jan da ba ya gushewa in an danna da yatsa. Haka littattafan suka ce alamar farko take, har da hotuna masu launi. Ranar da na gabatar da shi a ɗakin taro kowa ya yaba, ana shirin tashi sai ga hannun Hawainiya yana ɗagowa daga kujerar baya, a hankali kamar yadda take komai.

"Yaya," ta ce, a gaban Farfesa da likitoci, ko Sista ba ta iya ce mini ba. "Jan nan, ni tunda na fara aiki ban fi sau uku na gan shi ba. Fatar mutanenmu ba ta nuna shi. Kafin ido ya ga wani abu wurin ya riga ya lalace. Amma yakan yi ɗumi, ya yi tauri, kwana biyu ko uku kafin nan, in ka sa bayan hannu za ka ji. Da za a ƙara layi ɗaya."

Farfesa ya ajiye alƙalaminsa, ya juya kujerarsa gaba ɗaya ya fuskance ta. Wallahi juya kujerar nan ce ta ƙona mini rai, don ni na yi minti arba'in ina bayani bai motsa ba. Na ce mata bincike ake yi a nan, ba shafa ba. Na ce hannun wata ba hannun wata ba ne, wadda ta fito daga wanke hannu da ruwan sanyi komai ta taɓa ɗumi za ta ji, kuma abin da ba a iya aunawa ba a rubuta shi a takardar ilimi. Aka yi dariya. Farfesa ya jinjina kai ya ce akwai gaskiya a maganata, ya mayar da kujerarsa. Ita kuwa ko a jikinta, ta ce to, ta ɗauki jakarta.

Ashe to ɗin nan ta baki ce. Fom na ɗakin mata suka fara zuwa da rubutun fensir a gefe, ƙanana kamar sawun tururuwa: kwankwason dama da ɗumi, diddigen hagu da tauri, an sa matashi, an ƙara juyi. Mai shigar da bayanai a kwamfuta ta kawo mini tana tambayar inda za ta sa su. Na ce ta bar su inda ta gan su, ba sa cikin bincike.

Da aka cika wata uku aka haɗa alƙaluma. Ɗakina mutum goma sha ɗaya suka yi gyambo, huɗu daga ciki a kan sabuwar katifa suke. Ɗakinta biyu, su ma da abinsu aka kawo su daga gida. Na karanta takardar sau uku, na kira mai kwamfuta na ce ta sake lissafi, ya fito yadda yake. Nan take zuciyata ta ba ni amsar da nake so: ɓoyewa take yi. Ai ruwa ba ya tsami banza, wa ya taɓa ganin ɗaki mai tsofaffi ashirin babu gyambo?

Washegari da ƙarfe bakwai na faɗa ɗakin mata ba sanarwa, da safar hannu da tocila, na ce na zo duba ingancin bayanai. Gado bayan gado na bi ina ɗaga zani. Ban sami komai ba, fatar tsofaffin nan lumui. Abin da na samu shi ne dalilin da ya sa karɓar aikin safe yake ɗaukar ta awa guda alhali ni minti goma sha biyar ya ishe ni. Takan wanke hannu, ta goge, ta murza su har su daina sanyi, ta gaishe da majinyaciya ta nemi izini. Sai ta sa bayan hannunta a kwankwaso ɗaya, ta sa a ɗayan, ta koma na farkon, ta gangara ƙasan baya, ta ƙare da diddige. Ta sake wanke hannu ta wuce gado na gaba. Masu zaman jinya ma duk ta koya musu, na ga wata tana tura matashi ƙarƙashin ƙafar surukarta don diddigen ya rataya bai taɓa katifa ba, ta iya kamar a makaranta ta koya.

A gado na goma sha huɗu akwai wata tsohuwa mai karayar ƙugu. Auta ta daɗe a kanta, sannan ta ce in cire safar in kawo hannuna. Ta kama shi kamar yadda take kama na Baba, ta ɗora bayansa a kwankwason hagu, ta mayar dama. Na dama yana da ɗumi, wuri kaɗan da bai fi faɗin bakin kofi ba, kuma ƙarƙashinsa da ɗan tauri kamar ƙullin da bai narke ba a cikin kwaɓi. Da ido kuwa babu bambanci ko na ƙwayar zarra. Na ji shi sarai, ko makaho zai ji. Nas biyu suna tsaye suna kallon bakina.

Na ce ni ban ji komai ba. Na mayar da safata na fita.

Bayan sati uku aka kira ni daga shago, wai Baba ya faɗi yana cikin aiki. Hawan jini ne ya shanye masa ɓarin hagu, baki ya karkace, magana sai an kasa kunne. Namiji ne, don haka ɗakina aka kawo shi, kuma kada Allah ya kama ni da ƙarya, cikin tashin hankalin har da wani ɗan daɗi a ƙasan raina: yau dai Baba a hannuna yake. Na ba shi gadon bakin taga, na sa aka ɗauko katifa mai iska wadda injinta ya fi lafiya. Ya cika sharuɗɗan bincike, muka sa hannu a madadinsa, ya zama lamba sittin da huɗu.

Akwai abin da ɗakina ya saba da shi wanda ban taɓa faɗa da baki ba, amma kowa ya gane. Waɗanda ke kan katifa mai iska ba a cika juya su ba, ai inji yana yi, gara a kai ƙarfin wurin waɗanda ke kan tsohuwar katifa. Baba ma haka aka yi masa. Auta takan zo duk lokacin hutunta, ta wanke hannu, ta juya shi, ta sa masa matashi ƙarƙashin ƙafa. Tana fita in sa a cire, in ce ƙarin abu a kan katifar zai ɓata sakamako. Shi kuwa da ya ji takunta, wannan jan ƙafar da na tsana, sai idonsa ya koma ƙofa. Ni da nake kwana in tashi da zancen magungunansa, ni da na tsaya a kan likita har aka yi masa hoton kai a ranar farko, in na shigo sai dai ya ɗaga mini gira.

A kwana na biyar ta tare ni a baranda ta ce ƙasan bayan Baba ya fara ɗumi. Na ce na duba da safe, babu ja. Ta ce ta sani. Na ce mata a ɗakin nan 'ya take, ba nas ba, in tana da gyara ta kai ɗakinta.

A ranar ne wata takarda ta iso teburina, ana neman nas ɗaya ta je wani gari horo na sati guda a kan adana bayanan majinyata. Irin wannan tafiya shekara goma ni nake zuwa, ban taɓa bar wa kowa ba. Na ɗauki alƙalami na rubuta sunan Auta. Da ta ji ta zo ofishina, karo na farko da ta taɓa roƙona wani abu a wurin aiki, ta ce a tura wata tunda Baba yana kwance. Na ce suna ya riga ya tafi, kuma ai ita ce mai son rubutu a gefen takarda, ta je ta koyo yadda ake yi. Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta.

"To Yaya, ki riƙa taɓa shi. Ƙasan baya, wajen hagu. Ba sai kin rubuta ba."

Na ce na ji. Kullum da safe ni da kaina nake zuwa gadonsa, a karkata shi, in haska tocila in ƙura ido. Fata baƙa sumul, babu ja, in rubuta babu in sa hannu. Sau biyu hannuna yana tashi da kansa zai kai wurin, ina mayar da shi aljihu. Na san dalili, kuma zan faɗe shi yadda yake: in na taɓa na ji ɗumi, to Auta ce da gaskiya, a gaban Farfesa, a kan tsohuwar gado na sha huɗu, har da ranar sartse. Na gwammace kada in sani. Baba kuwa ɓarin ba ya ji, bakin ba ya faɗa, yana kwance yana kallon taga.

Ranar da ta cika kwana huɗu da tafiya, wajen ƙarfe tara, nas ɗin da ke yi masa wanka ta zo ofis ta ce in zo in gani, ba ta yarda mun haɗa ido ba. Fatar ta fashe. A sama bai fi murfin kwalba ba, amma da likita ya zo ya yanke mataccen naman sai ga rami da zai haɗiye ƙwai, a ƙasan baya, wajen hagu, daidai inda ta ce. Na ɗauko fom ɗin lamba sittin da huɗu daga ƙarshen gado. Kwana tara a jere an rubuta babu ja, kuma duk gaskiya ne, babu ranar da aka yi ƙarya. Shida daga ciki sa hannuna ne.

Na shiga banɗakin ma'aikata na kulle, na yi kukan da ban yi irinsa ba ko ranar rasuwar Mama. Da na sani ƙeya ce. Ban kira Auta ba, na kasa, mijinta ne ya gaya mata. Washegari da hantsi sai ga ta, ta baro horon, ko gida ba ta biya ba.

Na shirya wa zagi, har so nake ta zage ni. Da ta ɗaga murya a gaban nas-nas ɗina ta ce na kashe ubanmu da girman kai, da na sami abin riƙewa, in ce ga halinta ya fito. Ina! Ta wanke hannu, ta gaishe da Baba, ta buɗe bandejin ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce a kawo ruwan gishiri da auduga da matasai uku, ta ce in riƙe mata kafaɗarsa. Muka wanke ciwon tare, ita tana yi ina miƙa mata kaya kamar ɗalibar shekarar farko. Sai da muka fito wurin famfo, tana cuɗa sabulu, ta yi magana ba tare da ta dube ni ba.

"Ranar nan kin ji shi, ko? A jikin tsohuwar nan."

"Na ji."

Ta gyaɗa kai ta miƙo mini sabulun. Iyakar abin da ta taɓa cewa ke nan a kan maganar, har yau.

Sati goma sha ɗaya ciwon ya ɗauka kafin ya rufe. Sau ɗaya ya yi ruwa, zazzaɓi ya rufe Baba har muka fara kiran dangi. Ya tashi, amma watannin da ya kamata a ce ana motsa masa ƙafa ana koya masa tsayuwa sun tafi a jinyar gyambo, kuma mai gashin ƙashi ya gaya mini a fili cewa an makara. Baba bai sake taka ƙasa ba, aka ba wani hayar shagon.

Tun ciwon bai rufe ba na kwashi fom na ɗakin mata gaba ɗaya, wata huɗu cur, na kai wa Farfesa na nuna masa rubutun fensir. Na ajiye na lamba sittin da huɗu a gefe na ce wannan mahaifina ne. Ya kwana biyu yana bi layi layi. Sau talatin da bakwai fensirin Auta ya ce da ɗumi ko da tauri alhali layina yana cewa babu ja, kuma a duk talatin da bakwai an ƙara juyi an sa matashi, fatar ba ta fashe ba. Aka sake fom, aka ƙara layin da ta roƙa tun farko, aka samo ɗan ma'aunin zafin fata don a gwada shi da hannunta, tunda maganata ta cewa hannu ya bambanta ba ƙarya ba ce. Aka ƙara wata shida. Ita ta koya wa nas-nas ɗin ɗakina, ina tsaye a layi tare da su.

Da aka zo rubuta sakamako Farfesa ya tambaye ni yadda za a jera sunaye. Ni na buga shafin farko da hannuna, na sa nata a gaba. Kada wani ya ce na yi halin kirki, haƙorana a cije na buga shi, na goge sau biyu na sake rubutawa. Da mujallar ta fito na kai mata kwafinta, ta juya shi gaba da baya, ta tura cikin baƙar jakar nan tare da kwanon abincinta, ta tambaye ni ko yanzu za a ƙara musu matasai. Abin da na yi shekaru ina mafarki, ita matashi take tambaya. A taron da aka gabatar da aikin an ba ta minti goma ta ci ashirin, babu wanda ya duba agogo, manyan likitoci suna miƙa bayan hannunsu suna gwadawa a kan nasu kwankwaso. Ina kujerar gaba, jakarta a cinyata.

Har yanzu tana ɗakin mata. An yi mata tayin ofis ta ce ba ta iya zaman kujera ba. Har yanzu karɓar aikin safe yana cin awa guda, har yanzu Hawainiya ake ce mata, har yanzu ana tare ni a kasuwa. Ni ma ban warke ba, in na ce na warke na yi ƙarya. An ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni na yi wa Auta dakon taki shekara talatin, kuma Baba ne ya biya kuɗin dakon da ƙafarsa.

Baba yana gidana yanzu, ni na nace, ita ba ta yi musu ba. Ɗakinsa yana kusa da nawa, gadon yana jikin bango. Kullum kafin in tafi aiki nakan wanke hannu, in goge, in murza su har su daina sanyi. Ran Talatar da ta wuce na shiga na same shi a kwance ta ɓarin hagu, fuskarsa a bango, ido a rufe. Ban yi magana ba don na ɗauka barci yake. Na ɗaga rigarsa, na sa bayan hannuna a kwankwasonsa, na gangara kusa da tabon, na tsaya ina saurare, na koma na sake. Ban san na daɗe haka ba. Sai na ji ya ja numfashi, ya yi magana da karkataccen bakin nan nasa, a hankali, cikin jin daɗi.

"Auta, kin zo?"

Haushi na ji ko murna, ban iya rabewa ba. Fiye da shekara talatin ina jiran Baba ya lumshe ido a ƙarƙashin hannuna, ranar da ya yi kuma sunanta ya kira.

"Na zo, Baba," na ce.

Na gyara masa riga, na ɗaga ƙafarsa na tura matashi ƙarƙashi har diddigen ya bar katifa.